Layar Sha'aibu da Wuƙar da Ta Yanke Ta

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Sha'aibu makwancinsa a Gidan Rumji, nesa da Cadawa inda aka binne cibiyarsa. A irin wannan wata aka yi rasuwar, zafi ya fara kama ƙasa. Na yi rubutu a shafin nan kan mutanen da ban yi musu rabin sanin da na yi masa ba, amma shi ban taɓa ambatonsa ba, kuma mai karatu zai ga dalili kafin ya kai ƙarshe. Abin da ya taso da ni bana motocin yaƙin neman zaɓe ne da suka sake cika hanya. Soja sun ce za su koma bariki, an buɗe fage, ga lasifika bisa kowace bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ga tutoci. Duk wadda ta wuce ƙofar gidana tana tari, sai in ji kamar Sha'aibu zai ɗago kai daga cikin inji ya ce wannan yunwa take ji, waccan kuwa ta ƙoshi har tana amai.

Sha'aibu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, na girme shi da shekara shida. Bisa al'ada bawana ne, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Shi kuma Alhaji Yawo yake kirana, wai ubangidan da ba ya kwana gida bai cancanci bawa ba. Da gaskiyarsa. Fataucin goro ya kai ni Kumasi, na zauna Abija, na yi shekaru ina zirga-zirga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, na yi aiki a Sabha ta Libiya, na ratsa Sudan a hanyar Makka. Kowane gari na tsinci harshensa gwargwadon abin da zai hana a sayar da ni ina tsaye. Shi kuwa bai wuce Kano da Damagaram ba. Makanike ne, rumfarsa na bakin tashar Cadawa, kuma duk direbobin hanyar Agiye da Gazawa Sai-na-gani suke kiransa.

Sunan ya bi shi ne don bai yarda da maganar kowa a kan mota ba. Direba zai zo ya yi masa dogon bayani, ya saurara kamar liman na sauraron mai neman fatawa, sannan ya ce sai na gani. Man da ake shigowa da shi daga kudu ana sayarwa a kwalabe, wanda muke kira ruwa-ruwa, ba ya bari a zuba sai ya ɗiga a tafin hannunsa ya ga yadda zai bushe. In ya bar maiƙo, ya san an sirka da kananzir, sai ya miƙa wa mai sayarwa kwalbarsa ya ce ya kai wa uwargida ta zuba a fitila. Wannan halin ya tsirar da injuna da yawa. Amma akwai wani halin, ɗan'uwansa, da ya zo tare da shi: Sha'aibu ba ya faɗa wa kowa yadda ya yi gyara. A unguwar makanikai ta Kumasi na ga mutum ya gano dabara da safe, kafin azahar layin duka ya sani, don shi da kansa yake shela. A Libiya ba ruwansu da dabara, su cire abin da ya lalace su sa sabo. Namu kuwa ɓoyewa suke yi kamar mai maganin gargajiya, kuma a cikinsu Sha'aibu ne sarkin ɓoyo.

Ina da tsohuwar bashe da nake jigilar gero da wake da ita. Da injinta ya mutu, sai na sayo wani a Kwatano, wanda aka ciro daga motar Turai. Ba irin wanda muka saba ba ne. Ba shi da karburater, sai wani ɗan akwati da wayoyi, shi ke auna iska da zafi, sannan ya umarci wasu allurai su fesa mai daidai gwargwado. Anjeksiyo ake ce masa, kuma a lokacin sunan kaɗai kan sa makanike ya tuna yana da jana'iza. Duk wanda na nuna wa a Maraɗi shawara ɗaya ya ba ni: a tumɓuke akwatin a dasa karburater, kowa ya huta. Sha'aibu ya zagaya injin sau uku ya ce a bar masa.

Wata biyu ya yi a kansa. Kan injin ya ɗan karkace, aka kai Maraɗi aka goge shi. Matatar iskar da ya zo da ita ba za ta jure rairayinmu ba, ya ɗaura ta babbar mota. Famfon mai na wata mota daban ne. Da ya gama haɗa wannan gauraye inji ya tashi, amma Sha'aibu bai saki fuska ba. Abu ɗaya da ya yarda ya koya mini a rayuwarsa shi ne duba buji, ɗan abin nan da ke ba da tartsatsin wuta a cikin inji. Ya ce inji kunu yake sha, mai ne garin, iska ce ruwan. In gari ya yi yawa, mota ta yi nauyi, ta yi baƙin hayaƙi, buji ya fito kamar gindin tukunya. In gari ya yi kaɗan, mota ta yi sauƙi, mai ita ya yi ta murna ya sami mai tattali, alhali ciki wuta ce ke ci, buji ya fito fari kamar alli. Wanda ake so shi ne launin ƙuliƙuli. Kuma ba a rumfa ake dubawa ba. Sai ya loda wa bashe buhunan gero, ya shiga rairayin da ke bayan gari, ya taka ta har ta yi kuka, ya kashe inji ana cikin tafiya, ya fito da tsumma a hannu ya kwance buji da zafinsa. Na raka shi sau huɗu, sau huɗu yana fitowa fari. A na biyar ya ce in zauna gida, nauyina yana ɓata masa awo.

Ranar da ya ba ni makulli ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya nuna mini wani ɗan ƙulli da aka ɗinke cikin jar fata, bai kai ɗan yatsa ba, yana rataye a tsakiyar wata siririyar waya kusa da kan inji. Ya ce, "Wanga kar kowa ya taɓa." Na tambaye shi mene ne, ya ce maganin yawan tambaya ne. Na ce bawa bai isa ya ɓoye wa ubangidansa abu ba, ya ce ubangidan ya fara koyon riƙe sufana da hannun dama tukuna, don ni bahago ne, kuma tun muna yara yake yi mini gori da haka. Muka yi dariya, na tafi. Wata bakwai motar ta yi tana aiki, ko atishawa ba ta yi ba. Tana shan mai fiye da tsohon injin, amma tana hawa rairayi da kaya kamar raƙumi.

Sai siyasa ta shigo. Matasan yau ba za su gane yadda shekarun farko na jam'iyyu da yawa suka kasance ba. Mun fito daga dogon zamanin da in mutum zai ambaci gwamnati sai ya waiga, kuma kowa ya san akwai masu kai rahoto, sai dai ba a san ko su wane ne ba. Rana ɗaya aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Bakin ya buɗe, amma waigen bai daina ba, sai ma ya koma kan maƙwabci. A Cadawa har wurin shan shayi ya rabu biyu, har mahauta aka san na wane ɓangare. Na shiga wata jam'iyya, na ba da bashe don yawon ƙauyuka. Sha'aibu bai shiga kowace ba. In aka karanta masa alkawuran ƴan takara, amsarsa dai ita ce wadda aka sani. Sai dai wan matarsa shi ne jigon ɗaya jam'iyyar a gari, kuma shi ne babban mai sayar da ruwa-ruwa a tasha. A wancan lokaci wanda bai zaɓi gefe ba, ba a ce masa ɗan ba-ruwana, sai a ce yana ɓoye nasa.

Mun yi mitin biyu, wato gangamin jam'iyya, da ba su yi armashi ba. A ɗaya lasifika ta mutu ana tsakiyar jawabi, a ɗayan mutane ba su fito ba. Wata safiya za mu Agiye, direbana Lawali ya ɗaga kapo yana duba ruwa, sai sakataren jam'iyyarmu, Mushe Garba, tsohon malamin lakol da ya yi ritaya (a makarantun bokonmu Mushe ake ce wa malami), ya leƙa ya ga jar fatar. Ya ja da baya kamar ya ga kunama. Ya tambayi wa ke gyara motar, aka faɗa masa, ya gyaɗa kai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a jima mutum goma sun kewaye motar, kowa ya tabbata sammu ne aka ɗaura don a kashe mana kasuwa.

Ni a zuciyata dariya nake yi musu. Ina ji da kaina, na ga duniya, laya ba ta kashe lasifika. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A Sabha na san wani mutum da aka ɗauke saboda maganar da ya yi a cikin mota, su biyu kacal da direba. Na dubi ƙullin nan da waya ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, na ce a raina laya ba ta bukatar waya, wannan kunne ne. Kuma duk sirrin jam'iyya a cikin motar nan muke yinsa. Su rashin yawo ya ce musu laya ce, ni yawona ya ce mini na'urar sauraro ce, muka haɗu a kan wuƙa ɗaya. Daga inda muke tsaye zuwa rumfar Sha'aibu bai kai tafiyar da za a tauna goro ɗaya ba. Ban je ba, don na ce in da gaske ne, tambaya za ta farkar da shi. Na zaro wuƙata na yanke ƙullin, na fere bakin wayoyin na murɗe su tare, Lawali ya murza makulli, mota ta tashi. Na sa abin a aljihu na ce wa Mushe zan kai wa wani malami a Maraɗi ya karya shi.

Wurin mai gyaran rediyo na kai shi. Ya farke ɗinkin da reza, sai ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa mai zobban launi. Ya yi dariya har ya ajiye rezar. Ya ce kowace rediyo tana da irinsa da yawa, ba ya ji ba ya magana, aikinsa kawai ya ƙuntata wa wuta hanya. A nan ya kamata maganar ta mutu, in koma Cadawa in ce bawana, ka yi mini bayani. Amma da na dawo sai Lawali ya tare ni da albishir: tun da aka cire abin, mota ta rage shan mai, ta yi sauƙi, hayaƙinta ya washe. Nan take na ce ashe. Ba laya ba ce, ba kunne ba ne, dabara ce ta sa mota ta yi ta zuƙar mai don surukinsa ya yi ciniki. Na daɗe ina tunanin wannan ranar, kuma abin da na fahimta shi ne zargi ba ya mutuwa in an ƙaryata shi, riga yake sakewa. Na manta da kunun da aka koya mini, na manta da alli da ƙuliƙuli. Lawali ya ƙara da cewa in suna hawa tudu yana jin wata ƴar ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Na ce da lasifika a bisa kansa, ya aka yi ya ji tsakuwa.

Kwana tara motar ta yi a haka. A rana ta goma muna da babban mitin a Gangara, ranar kasuwa, ɗan takara da kansa zai zo. Muka loda bencina, batura, makaɗa da gangunansu, da mutanen da ban ƙirga ba. Muka sha mai a bakin hanya, ba wanda ya ɗiga a tafin hannu. Da rana tsaka muka bar kwalta muka shiga rairayi. Ana hango rumfunan kasuwa injin ya fara shaƙewa, ya yi wata ƙara da ko makaɗa sai da suka tsaya, farin hayaƙi ya turnuƙe mu, ya mutu. Muna tsaye a rana babbar motar abokan hamayya ta zo ta wuce suna mana waƙa. Ɗan takara ya yi jawabi da bakinsa ba lasifika, a tsakanin masu cinikin awaki.

Aka aika Cadawa, Sha'aibu ya iso wajen la'asar a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa. Mutanen kasuwa sun taru. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya kwance buji huɗu ya jera a kan tsumma. Duka fari fat, ɗaya ma bakinsa ya narke. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya kai hannu inda ƙullin yake, ya tarar da murɗaɗɗiyar waya. Ya ce, "Wa ya cire abin da na ɗaura nan?"

Mushe Garba ya juya ga jama'a ya ce, "To, kun ji da bakinsa. Shi ya ɗaura."

Wuri ya kaure. Wani ya ce ai irin wannan asiri in an cire shi sai ya ci abin da aka ɗaura masa. Sha'aibu, mutumin da bai taɓa yi wa kowa bayani ba, ya shiga yin bayani a ranar da ba mai saurara. Ya ce akwatin nan a ƙasar sanyi aka yi shi, in ya ji sanyi yakan ƙara mai, shi kuma ya sa abin ne don akwatin ya riƙa zaton da sauran sanyi. Mushe ya ce ya yi shekara talatin yana karanta littattafan Faransanci bai taɓa ganin inda aka ɗinke wa inji fata ba. Mutane suka yi dariya. Sai Sha'aibu ya dube ni ya ce, "Alhaji ya san ban taɓa cutarsa ba."

Ƙullin yana aljihuna, a farke. In na fito da shi na buɗe tafin hannu, kowa zai ga ba rubutu ba ne, ba gashi ba, ba ƙasar kabari ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In na nuna, za a tambayi tun yaushe na sani, za a ce ni na kashe motar, ni na kunyata ɗan takara, ko kuma a ce ina rufa wa ɗan'uwana asiri, da ma bakinmu ɗaya. Kuma ana maganar sa sunana a cikin shugabannin jam'iyya na yanki. Abin da na ce shi ne, "A bar maganar sai mun koma gida." Ya ci gaba da kallona kaɗan, ya naɗe bujin a tsumma ya miƙa wa Lawali, ya hau mobilet ɗinsa.

Mushe ya kai ƙara wurin jandarma, suka saurari kowa suka sallami maganar, don babu abin kamawa. Gari ne bai sallama ba. Mutanenmu suka daina kai masa mota. Ƴan ɗaya ɓangaren suka riƙa zuwa suna yi masa jinjina wai ya yi musu aiki, kuma matarsa Indo ta gaya mini daga baya cewa wannan ya fi yi masa ciwo fiye da zagin. Su ma ɗin ba su kawo motocinsu ba, don wanda ya ɗaura wa ɗan kawunsa, wa zai bari? Direbobin da suka yi shekara ashirin suna rantsuwa da hannunsa suka riƙa ɗaga kapo suna laluben fata. Bayan damina ya kwashe kayan aikinsa ya koma Gidan Rumji, inda wani abokin koyon aikinsa ya ba shi gefen rumfa. Ni kuwa na sami kujerar da nake so. Ban tuna wani abin kirki da na yi a kanta ba.

Shekara biyu ta wuce kafin in iya zuwa. Na same shi ya rame, har bakinsa ya fara ɗaukar Gobiranci, na ce bawa ya gudu ya sake harshe don kada a gane shi. Bai mayar mini ba, kuma a tsakanin taubasai babu abin da ya fi wannan nauyi. Na fito da ƙullin na ajiye a kan tabarmarsa, na fara magana, ya ɗaga hannu. Ya ce tun a Gangara ya sani. Da hannun hagu aka murɗe wayar, kuma bahago ɗaya ne a motar.

A ranar ya yi mini bayanin da ya hana ni a farko. Goge kan inji da aka yi ya sa wutar ciki ta ƙara ƙarfi, babbar matata ta ƙara iska, famfon aro ba ya turo mai kamar na asali, ga kananzir a cikin man, ga zafinmu, ga kaya. Duk waɗannan sun taru sun sa injin yunwa, shi kuwa akwati bai san an canza masa gida ba, awon Turai yake yi. Ya gwada ƙwayoyin rediyo har bakwai, kowace da tafiyarta cikin rairayi, kafin buji ya fito ƙuliƙuli. Fatar kuwa, ya ce ya fara naɗewa da roba, zafi ya narkar da ita, sai ya ba baduku maƙwabcinsa ya ɗinke masa. Shi kuma baduku ɗinki ɗaya hannunsa ya sani. Ya ce shi ma yana da nasa laifin: ya ɓoye don kada makanikan Maraɗi su sace masa dabara, ga shi ba su sace komai ba, shi ya rasa gari.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Yankan na yafe maka, tsoro ne, kowa na da nasa. Shirun kuwa ba a ɗaki ka yi shi ba, a gaban mutane ka yi. Can za ka je ka warware shi." Na ce zan je tashar Cadawa ranar kasuwa in faɗa da bakina. Ya ɗauki ƙullin ya juya shi, ya mayar mini, ya ce, "Sai na gani, Alhaji Yawo."

Bai gani ba. Tafiyar Kwatano ta taso, bayanta wata tafiyar, na ce sai hankalin mutane ya kwanta. Sannan soja suka dawo, kowa ya rufe bakinsa da maganar jam'iyya, na sami sabon uzuri. Ina cikin uzurin aka aiko ya rasu, ciwon ƙirji, kwana shida.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A Maraɗi na ga makanike ya jona wata na'ura mai allo a jikin mota, ta rubuto masa ciwonta, bai ko ɓata hannu ba. Na san Sha'aibu zai tsaya ya kalla da sha'awa, sannan ya tambaya wa ya gaya wa na'urar irin man da aka zuba a Gazawa. Da ya ga salula a hannun kowa, zai ce a zamaninsa sai jita-jita ta yi kwana uku kafin ta kai Agiye. Alkawuran ƴan takarar bana kuwa ba sai na faɗi amsarsa ba. Kuma zai yi mamakin masu yabonsa, don yanzu duk tsohon direba a hanyar nan cewa yake shi bai taɓa yarda da ƙazafin ba. Na san fuskokin da suka yi dariya a Gangara, wasunsu su ne masu wannan magana. Ban tsame kaina ba. Ko wannan rubutun na yi ta juya shi, ina tambaya don Sha'aibu nake yi ko don a ce Alhaji mai gaskiya ne. Ban gama samun amsa ba.

Ranar kasuwar Cadawa da ta wuce na je tasha. Bayan azahar na roƙi a saurare ni, na fito da ƙullin, na faɗi duk abin da mai karatu ya karanta. Mushe Garba ya riga mu gidan gaskiya. Yawancin waɗanda ke tsaye ba su san da wace mota nake ba. Lawali na nan, ya tsufa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, wanda ya kamata ya ji ba ya nan."

Sai wani makanike mai suna Habu, magidanci mai furfura a gemu, ya ja hannuna zuwa wata taksi ya ɗaga kapo. Ga jar fata a rataye a jikin waya. Ya ce layar Sha'aibu ke nan, daga Gidan Rumji dabarar ta dawo, yanzu duk tsohuwar anjeksiyo da ta shigo hannunsu sai sun ɗaura mata, tana tsare inji daga zafi. Wasu direbobi ma ba sa bari a taɓa musu waya, fatar kaɗai suke ratayawa. Na tambaye shi ko ya duba buji kafin ya ɗaura. Ya ce ai ba sai an duba ba, abu ne sananne. Na roƙe shi ya kwance ɗaya. Ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Injin nan bai taɓa jin yunwa ba, ɗura ake yi masa.

Na tsaya da bujin a hannuna ina lissafin abin da ya rage na taubashina. Mu mun yanke ba mu duba ba, su sun ɗaura ba su duba ba. Fatar da ta kore shi daga garinsu ita ce ta dawo ta zauna da sunansa, har ta zama layar da aka yi masa ƙazafinta. Abin da yake shi ne Sha'aibu, wato loda gero, shiga rairayi da rana, ƙona yatsa a kan buji sau bakwai kafin ya yarda da hannunsa, shi ne bai sami magaji ba, kuma rabin laifin nasa ne, rabin namu. Na nuna wa Habu launi uku kamar yadda aka nuna mini, alli, tukunya, ƙuliƙuli. Ya saurara da ladabi, ya dubi bujin, ya dube ni, ya ce zai loda mota gobe ya gwada da kansa, don bai cika yarda da maganar mutumin da ba makanike ba. Wannan ce kaɗai maganar da ta sanyaya mini rai a ranar.

Allah Ya haskaka kabarin Sha'aibu, Ya yafe masa ɓoyonsa, Ya yafe mini shiruna. Bawana, na je tasha na faɗa, ranar kasuwa, a gaban mutane, kamar yadda ka ce. Na makara da shekara goma sha biyar da ɗoriya, kuma wannan gyara ne da ba ka nan balle ka duba.